Kafin Ka Shiga Babban Ɗakin Karatu Na Birtaniya

Ɗana, tunda Allah ya nufa za ka Landan, kuma mahaifiyarka ta ce mini cikin wuraren da kake son gani har da babban ɗakin karatu na ƙasar, wato British Library, bari in yi maka 'yar nasiha tun ba ka ɗaure kaya ba. Na san abokan tafiyarka hankalinsu zai fi karkata ga fadar Buckingham da filayen ƙwallo, wannan kuwa ba laifi ba ne. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka cusa wannan gida cikin ranar da za ku zaga wuri biyar. Ka ware masa wuninsa, ko aƙalla daga hantsi zuwa la'asar.

Yana kan titin Euston, daf da tashar jirgin ƙasa ta St Pancras. Ginin jan bulo ne, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi a 1998, ita kuwa hukumar tun 1973 aka kafa ta, lokacin da aka raba littattafan da gidan tarihi na British Museum. Shiga kyauta ne. Idan masu gadi suka ce ka buɗe jaka, ka buɗe da sakin fuska, aikinsu suke yi.

Da ka sa ƙafa ciki, ka ɗauka zauren malami ka shiga ana tsakiyar ɗaukar karatu. Kai yawon buɗe ido ya kawo ka, amma galibin waɗanda za ka gani zaune a tebura aiki suka zo yi. Wani yana fama da kundin digirinsa, wata ta biya kuɗin jirgi daga wata nahiya don takarda guda ɗaya da babu ita ko'ina sai nan. Ka sassauta murya, ka rufe bakin wayarka, kada ka ɗauki hoton fuskar kowa ba da izininsa ba. Baƙo da ladabi ake gane gidan da ya fito.

A tsakiyar ginin za ka ga wata hasumiya ta gilashi mai hawa shida, cike da littattafai masu bangon fata. Na Sarki George na Uku ne, wajen 65,000, ɗansa ya ba ƙasa su a 1823. Har gobe ana ciro su ana kai wa masu karatu. Duk da girmanta, ɗan tsakure ce kawai. Abin da gidan ke riƙe da shi ya haura miliyan 170, da littattafai da jaridu da taswirori da faya-fayan sauti, yawancinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ko can Boston Spa a arewacin Ingila. Dalilin yawan kuwa doka ce: duk littafin da aka buga a ƙasar sai an kai musu kwafi guda.

Inda nake so ka daɗe shi ne ɗakin da suke baje kayansu mafi daraja. Za ka tarar hasken wurin dishi-dishi. Da gangan ne, domin haske mai ƙarfi yana cin tawada, yana ƙona takarda a hankali. Cikin taskarsu akwai Alƙur'anin da aka fi sani da na Sarki Baibars, wanda aka rubuta a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, mujalladi bakwai, rubutun duka da ruwan zinariya, da hannun marubuci Muhammad ibn al-Wahid. Sukan sauya abin da suke nunawa don kayan su huta, saboda haka in ba ka same shi ba kada ranka ya ɓaci. In kuwa ka dace, kada ka yi abin da yawancin baƙi ke yi, su leƙa, su yaba zinariyar, su wuce. Kai ka yi karatun allo, ɗana. Ka tsaya ka karanta shafin da aka buɗe, ka gano surar, ka bi wasullan. Ka yi tunanin mutumin da ya zauna shekaru ɗari bakwai da suka wuce yana jan kowane harafi cikin tsoron kuskure, ka yi masa addu'a. Sannan ka tuna da alarammominmu na Kano da Borno da ke rubuta Alƙur'ani da ka, warƙa-warƙa, su yi masa zayyana, a sa a gafaka. Sana'a ɗaya ce, kuma ta wajenmu tana nan da ranta. Wannan abin yana faranta mini rai ƙwarai, shi ya sa nake so ka gani da idonka.

Kada kuma ka tsaya ga namu kaɗai. Akwai Magna Carta ta 1215, takardar da manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita don a taƙaita ikonsa. Kwafi huɗu suka rage a duniya, biyu suna wannan gida, ɗaya daga ciki gobarar 1731 ta lahanta ta. Akwai Baibul ɗin Gutenberg na wajajen 1455, daga farkon abin da injin buga littafi ya fitar a Turai. Littafin da wasu ke girmamawa, kai ma ka tsaya gabansa da natsuwa. Imaninka ba zai ragu ba don ka san abin da maƙwabcinka ya riƙa.

Akwai abin da zai sosa maka rai, gara ka ji shi daga bakina. Ba duk abin da ke gidan ne ya zo ta hanyar ciniki ko kyauta ba. Ɗaruruwan littattafan Habasha da suke riƙe da su, sojojin Birtaniya ne suka kwaso bayan yaƙin Maƙdala a 1868, kuma Habashawa sun daɗe suna neman a mayar musu. Ni a ganina suna da gaskiya. Ka karanta ɗan bayanin da ke gefen kowane abu, ka tambayi yadda ya iso nan, wannan haƙƙinka ne. Amma kada ka sauke fushin tarihi a kan ma'aikacin da ke tsaye yana gadin ɗaki. Yawancinsu mutane ne masu ƙaunar littafi, kuma tambaya cikin mutunci ta fi buɗe bakinsu.

In kana da ƙarin rana, ka nemi katin mai karatu. Kyauta ne ga wanda ya kai shekara 18, sai dai za su buƙaci shaidar ko kai wane ne da ta inda kake zaune. A ɗakunan karatu fensir kawai ake yarda da shi, babu biro, kayanka kuma a leda mai nuna abin da ke ciki. A sashen Asiya da Afirka suna da rubuce-rubucen Hausa na ajami. Ka duba shafinsu na intanet tun kana gida, domin ana neman littafi ne tun kafin ranar, kuma kutsen da aka yi wa kwamfutocinsu a watan Oktoba na 2023 ya daɗe yana kawo cikas ga wasu ayyuka.

Ka tambaye su kuma game da shirin da suka fara a 2004 na ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke fuskantar lalacewa a ƙasashe daban-daban, har da Najeriya da Mali. Abin da na fi so a shirin shi ne ana barin asalin takardun a ƙasashensu. Ina da dalilin wannan roƙo. Akwatin takardun kakanka yana nan a ƙuryar ɗaki, kuma bara na ga gara ta fara taɓa gindinsa. Ka lura da yadda suke ajiye nasu, irin kwalin da suke sa su, yadda suke buɗe tsohon shafi. In ka dawo, sai mu je Arewa House a Kaduna tare mu ji shawarar masana kan abin da ya kamata mu yi da shi kafin damina.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.