Darasin Juma'a: Mai Jinyar Mutane Shi Ma Jikinsa Yana Da Haƙƙi A Kansa

 

'Yan'uwa, darasin wannan mako a kan 'ya'yanmu ne da matanmu da ƙannenmu masu aikin jinya a asibitocin Legas. Abin da ya jawo shi, kwanan baya wata 'yar'uwa nas ta yanke jiki ta faɗi a bakin aiki da asuba. Da aka auna ta, sai ga jininta ya hau, kuma rabonta da abincin kirki tun azahar ɗin jiya. Lemon kwalba ne da biskit kawai a cikinta. Ita ce fa mai yi wa marasa lafiya faɗa a kan gishiri da sukari.

Matsayin aikin da haƙƙin jiki

Jinya aiki ne mai lada. Rufaida Al-Aslamiyya (RA) tana da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) inda take kula da masu rauni, can aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ. Amma lada ba ya halatta cutar da kai. Lokacin da Abdullahi bin Amru (RA) ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, Annabi (SAW) ya hana shi, ya nuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi. To, idan ibada ma an ce a sassauta saboda jiki, ina ga aikin albashi?

Inda matsalar take

Allah ya sanya dare don hutawa. Jiki yana da nasa agogo, da tsakar dare narkar da abinci yana raguwa, sarrafa sukari ma haka. Mai dutin dare yakan yi awa 10 zuwa 12 idonsa biyu, kuma ƙarancin barci yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Sannan me ake samu a ƙofar asibiti ƙarfe biyun dare? Indomie, fanke, burodi, Gala da lemo. Kwalbar lemo ta roba mai 50cl takan ɗauki sukari sama da ƙaramin cokali 10. Yau da gobe, sai ga teɓa, ga hawan jini, ga ciwon suga.

Tsarin ci

Na ɗaya, babban abinci a gida kafin a fita. Mai shiga aikin dare ya ci tuwonsa ko shinkafa da wake da wuri, da ganye a ciki. A nan ba mu rasa ugu da alayyahu da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Karas da kabeji da kokwamba kuwa, ai 'yan'uwanmu ne ke sauke su a Mile 12.

Na biyu, a tafi da guzuri. Dafaffen ƙwai biyu, ƙullin alale, gyaɗa cikin tafin hannu, ayaba ko lemun zaƙi, dabino uku. Tsakar dare a ci kaɗan kaɗan, kar a cika ciki. Wannan shi ne ma'aunin da ya zo a hadisin Miƙdamu bin Ma'adi Karib (RA): a raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi.

Na uku, ruwa. Da yawa ba sa sha don gudun zagayawa. Wannan kuskure ne, yana kawo ciwon kai da kasala. A ajiye gora kusa, duk lokacin da aka gama zagayen ba da magani a kurɓa.

Na huɗu, shayi, Nescafé da goro. A sha a farkon duti. Ƙarfinsu yana daɗewa a jiki sa'o'i da yawa, saboda haka a daina kamar awa 6 kafin lokacin kwanciya.

Na biyar, in an dawo da safe a ɗan sa wani abu marar nauyi, kamar koko da ƙosai, sai a kwanta. A kuma rage ɗunkule a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kar ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunkulen.

Motsa jiki

Wata za ta ce, "Malam Sakatare, ni da nake kwana a tsaye, wane motsa jiki kuma?" Gaskiya ne akwai gajiya, amma doguwar tsayuwa daban, tafiyar da ke sa zuciya ta buga da sauri daban. Abin da Hukumar ta ce shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma ana iya gutsura shi goma goma. A sauka daga danfo tasha ɗaya kafin gida in da rana ne kuma hanya da aminci. A hau bene da ƙafa maimakon lifta. Ranar hutu a yi tafiya da sauri bayan la'asar. Wadda ba ta son fita, tsallen igiya ko tashi-zauna a tsakar ɗaki ya isa. Amma ranar da aka kwana aiki, barci ne a gaba.

Namu kason, mu iyali

Nan ne maganar ta shafi kowa. Wadda ta fito aiki ƙarfe takwas, ta sha cunkoson hanya, ta iso gida wajen goma, sai ta tarar da wanke-wanke da girkin rana suna jiranta. Ta samu ta kwanta, maƙwabciya ta buga ƙofa a zo a duba mata yaro. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Maigida, ka hana a tashe ta sai don sallah. Ka sa labule mai kauri, a rage ƙarar rediyo, yara su yi wasa a waje. Iyaye mata, a zuba mata nata a kula kafin ta fita. Taya iyali aikin gida ba faɗuwar girma ba ce, Nana A'isha (RA) ta shaida cewa Annabi (SAW) yana yi. In ba a gan ta wajen suna ko biki ba, a yi mata uzuri.

Ku kuma ma'aikatan jinya, na'urar awon jini tana hannunku kullum. Ku auna kanku ko da sau ɗaya a wata. In ya kai 140/90 ya maimaita, ku ga likita, kar ku rubuta wa kanku magani. Masu ciwon suga, olsa ko juna biyu, su tsara cinsu tare da likita. Masu gadi da direbobin dare, darasin nan har da ku.

Aikin wannan mako: duk gidan da ke da mai aikin dare, a zauna yau bayan isha'i a yanke wa zai shirya masa guzuri, wa zai tsare masa barci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.

Sakataren Masallaci