Gudun Taɓo a Ingila: Abin da Nake Gani a Ɗakin Gashi

Da zarar an buɗe gasar gudun daji a watan Oktoba, na san irin baƙin da zan yi ranar Litinin. Za su shigo suna ɗingishi suna dariya, wani ma da sauran busasshen taɓo a bayan kunne. Aikina gashin ƙashi ne a wani gari a arewacin Ingila, kuma ni ma ina wannan gudu a wata ƙaramar ƙungiya ta masu yi don sha'awa: malaman makaranta, direbobin bas, ma'aikatan jinya, da 'yan fansho. Babu mai samun ko sisi. Mu ne ma muke biyan kuɗin shekara.

Kakar nan ba irin tamu ta gida ba ce, wadda ake girbi ƙasa na bushewa. A nan ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, ganye ya zube, filaye su koma caɓi. A daidai lokacin ne ƙungiyoyin kowane yanki suke karawa, sau huɗu ko biyar tsakanin Oktoba da Fabrairu, galibi Asabar da rana, a nisan kilomita 6 zuwa 10, ta cikin ciyawa da tudu da kwari da saiwoyin itatuwa. Tsohuwar al'ada ce. Ƙungiyar Thames Hare and Hounds ta Landan tun 1868 take, kuma gasar ƙasa ta farko a 1876 soke ta aka yi, don 'yan gudun sun ɓata hanya a dajin Epping.

Yadda ake lissafin maki shi ne tushen yawancin abin da nake gani. A mafi yawan gasannin, matsayinka shi ne makinka: na ɗaya maki 1, na tamanin maki 80. Sai a tara na mutanen farko na kowace ƙungiya, wadda ta fi ƙarancin maki ita ta ci. Ƙaramar ƙungiya irin tamu da kyar take cika adadin, saboda haka ko kai ne na kusa da ƙarshe ana bukatarka. Wannan yana da daɗi, ba na musu. Amma shi ne yake sa mutum ya ɗaure ƙafar da ba ta warke ba ya fito, don kada a ce shi ya ja wa jama'a.

Ni kaina na yi wauta a shekarata ta farko. Na sayi takalmin gudun daji, mai ƙusoshin ƙarfe a tafinsa, na ɗaura masa masu milimita 12, na sa shi karon farko a ranar gasa. Takalmin titi yana da tudu da laushi a dunduniya. Wannan kuwa kusan a shafe yake, ga taɓo da dunduniya ke nitsewa a ciki duk taku. Sharaɓa da jijiyar agara su ke biyan bashin. Na gama kilomita takwas lafiya lau. Washegari da asuba, da baya-baya na sauko daga bene ina riƙe da bango, kuma sai da na kwana goma kafin na sake gudu. Ni da nake faɗa wa mutane kada su yi haka! Maganinsa mai sauƙi ne: tun Satumba a riƙa sa takalmin na minti goma zuwa sha biyar a kan ciyawa, sau ɗaya a mako, a riƙa ƙarawa a hankali, tare da ɗaga dunduniya a bakin matakala ana saukewa sannu-sannu.

Amma targaɗen idon sawu shi ne wanda aka fi rainawa. Wani ɗan'uwanmu ɗalibi, da na ja shi cikin ƙungiyar da kaina, ya taka saiwa a ƙarƙashin ganye a gasar Oktoba, ƙafar ta turguɗe. Ya koma ɗaki ya dafa ruwa ya gasa wurin, abokin kwanansa ya ja masa ƙafar da ƙarfi kamar yadda suka ga masu ɗori suna yi a gida. Bai zo wurina ba sai bayan mako uku, ana saura kwana biyar gasa ta biyu.

"Yaya, ɗan targaɗe ne kawai. Ka ɗaure mini in yi ta Asabar."

Na ce ya cire safa. Na ɗora babban yatsana a gefen ƙafar na waje, kan ɗan tudun ƙashin da ya miƙe zuwa ƙaramin yatsa, na danna kaɗan. Saura ƙiris ya faɗo daga gadon. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Bai sake gudu ba sai bayan sabuwar shekara.

Akwai ƙa'idar da likitocin Ottawa a Kanada suka fitar a 1992, da ita muke aiki har yau. In ka turguɗe ka kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko ƙashin idon sawu da kansa yana zafi in an danna gefensa na baya, ko wannan ƙashi na gefen ƙafa, to a je a yi hoto. In ba haka ba, a kwana biyu zuwa uku na farko a ɗaga ƙafar, a naɗa bandeji, a sa ƙanƙara cikin tsumma kamar minti ashirin. Ruwan zafi da tausa mai ƙarfi a wannan lokaci kumburi suke ƙarawa. Bayan nan kuma zama ba naka ba ne: a fara motsa ta, a riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya lokacin goge baki, har a iya ido a rufe. Wanda ba zai iya tsalle goma a kan ƙafar ba tare da zafi ba, bai isa shiga taɓo ba, ko me shugaban ƙungiya zai ce.

Sai kuma yanka: ƙusar takalmin wanda ke gabanka tana iya yankar ƙwaurinka a cunkoson farawa. Filayen da yawa makiyayar tumaki da shanu ce, kuma ƙwayar cutar tetanus a ƙasa da kashin dabbobi take zama. A wanke ciwon da ruwa mai yawa nan take, a kuma bincika ko allurar rigakafi ta cika. Cikakkiya a nan aƙalla guda biyar ce, kuma da yawanmu da muka taso a gida ba mu da katin da zai nuna nawa aka yi mana. Sanyi kuwa ba a cikin gudu yake kama mutum ba, sai an tsaya hira da jiƙaƙƙiyar riga. Busassun kaya da shayi a fulas su zama a jaka.

Saura abin da ya fi shafar mu baƙar fata. Daga Oktoba zuwa farkon Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da zai sa fata ta haɗa bitamin D, wanda ƙashi da tsoka suke bukata, kuma fatarmu ta fi bukatar rana kafin ta haɗa shi. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, mu kuwa ta ce mu duba yin haka duk shekara. A kowane kantin magani ana sayar da shi, ba sai da takardar likita ba.

'Yan'uwa da ke nan, ku fito gudun, ƙungiyoyin suna maraba da kowa. Amma duk wanda ya ji zafi a wuri guda a kan ƙashi, wanda zai iya nunawa da yatsa ɗaya kuma gudu yana ƙara shi, don Allah ya bar gasar wannan Asabar ya zo a duba shi.