Zuwa ga ɗana mai sabon injin walda

Mahaifiyarka ta gaya mini ka sayi injin walda, ɗan ƙaramin nan na zamani da ake ratayawa a kafaɗa, kuma kai da abokanka kun turo tsohuwar Fijo 504 ta marigayi mahaifinka daga gindin dalbejiya, kun ce sai kun tashe ta. Ita da fargaba ta ba ni labarin. Ni kuwa daɗi na ji har cikin raina. Motar nan ta cancanci a tashe ta. Tun da masana'antar Fijo ta Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975, babu hanyar Arewa da 504 ba ta taka ba: ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta tasha, kuma a-kori-kurarta ce ta yi ta jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye. Saurayin da yake da aikin ofis, amma ya zaɓi ya ɓata hannunsa da tsatsa ranar Asabar saboda son mota, ba abin da zan ce masa sai Allah ya yi albarka.

Sai dai akwai abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da aka kai ni Fanteka koyon walda, na fi shekara ban riƙe sandar walda ba. Aikina share rumfa, ɗauko ƙarfe, kankare tsatsa, riƙe wa maigidana aiki ina kau da fuska. A lokacin gani nake ana ɓata mini lokaci. Daga baya na gane a cikin shekarar nan aka koya mini abin da zan ji tsoro. Kai kuwa kuɗinka ka sa ka sayi inji, ka kalli bidiyo a YouTube, washegari ka kunna wuta. Ban raina bidiyon ba, akwai gwanaye a cikin masu yin sa. Amma bidiyo nuna maka hannun gwani yake yi, ba ya riƙe naka hannun, ba ya kuma daka maka tsawa idan ka nufi tankin mai da wuta. Mai yin walda don sha'awa ba shi da maigida, kuma wannan gurbin nake so in ɗan cike maka.

Bari in fara da idonka. Hasken walda ba hasken fitila ba ne, yana ɗauke da irin hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani. Ba ka jin komai a lokacin da yake yi maka illa. Sai bayan awa shida ko fiye, galibi cikin tsakar dare, ka farka kamar an zuba maka yashi a ido, hawaye na kwarara, ba ka iya kallon ko hasken ashana. Ya same ni ina yaro, kuma har yau ban manta daren ba. Baƙin tabarau na kwalliya da kake gani a idon masu walda na bakin titi ba kariya ba ne, talauci ne da sabo. Ka sayi garkuwar fuska ta gaske mai gilashi lamba 10 ko 11, wadda za ta rufe fuska har wuya, domin hasken nan fata ma yana ƙonawa. Idan ya same ka, kada ka bari a ɗiga maka wani haɗin gida a ido, ka je asibiti. Kuma ka tuna da yaran unguwa. Ka san halinsu, da sun ga tartsatsi sai su kewaye ka su zuba ido. Ka kafa kwano ko katako ka kare wurin, ka kore su da daɗin baki. Idon ɗan maƙwabci amana ce a wuyanka muddin kai ka kunna wutar.

Tufafinka su zama na auduga mai kauri, dogon hannu. Yadin roba idan tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata. Silifa ba takalmin aiki ba ne. Na sha ganin ɗigon narkakken ƙarfe ya faɗa tsakanin yatsun ƙafa. Da damina kada ka tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ka canza sanda da hannu mai gumi.

Yanzu ga motar kanta. Na san tsatsa ta cinye ƙasanta, wajen ƙafar direba da cikin but, haka 504 take yi idan ruwa ya daɗe yana kwanciya. Kwanon jikin mota kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba. Sandar da ka saya, ta lamba 6013 wadda 'yan kasuwa ke ce wa geji 12, kaurinta milimita 2.5, ta ƙofa ce da taga da ƙarfen gado. Ka ɗora ta a kan kwanon mota, kafin ka ƙifta ido ta huda shi, ka zo cike ramin ya ƙara faɗi. Shi ya sa masu bugun jikin mota na da suke aiki da wutar kabaid, na yanzu kuma suke neman injin MIG mai siririyar waya, milimita 0.6 ko 0.8, wanda iskar gas ke lulluɓe narkin. Ko da wanne za ka yi, sirrin ɗaya ne: kada ka ja dogon layi. Ɗigo nan, ka tsallaka can nesa ka yi wani ɗigon, ka bari ya huce, ka dawo, har ɗigo ya haɗu da ɗigo. Zafi yana kumbura ƙarfe, in ya huce ya tsuke ya ja na kusa da shi, kuma ƙofar da ta karkace saboda gaggawa ba ta komawa yadda take. Maƙera sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, gaskiya ne a bakin uwar maƙera. A jikin mota haƙuri ake yi wa zafi.

Kuma ba a walda a kan tsatsa ko fenti. Ka yanke ruɓaɓɓen wurin duka har ka kai lafiyayyen ƙarfe, ka gurje shi ya yi ƙyalli. Kashi mafi yawa na aikin walda ana gama shi ne kafin a kunna inji. Kafin ka kunna ɗin, ka leƙa ƙarƙashi da bayan wurin. Bututun mai da na birki da wayoyin wuta duk nan suke bi. Ka cire kujeru da shimfiɗa, ka kankare kwaltar da ke manne da ƙasan motar. Ka cire kan batir. Ka maƙala wayar as kusa da inda kake aiki, a kan ƙarfe mai tsabta, don kada wutar ta bi ta cikin boris ko wayoyin mota tana neman hanyar komawa. Fijonka ba ta da kwamfuta, amma idan abokanka suka fara kawo maka Toyota da Honda na yanzu, kuskure ɗaya ya isa ya ƙona ƙwaƙwalwar motar. Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara su kasance inda hannunka zai kai. In ka gama, ka zauna wurin kamar rabin awa kafin ka kulle gareji, domin tartsatsin da ya maƙale cikin soso ba ya nuna kansa da wuri.

Tankin mai kuwa, ɗana, ina roƙonka da girman Allah ka bar shi. Mutane suna zaton tankin da aka juye ya zama lafiya. Shi ne mafi haɗari, saboda ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, kuma tankin da ya yi shekaru a bushe yana iya riƙe tururin a lungunansa. Na ga wannan da idona a wata rumfa kusa da tamu. Mutumin ba sabon hannu ba ne, ya ɗauraye tankin da ruwa, ya shinshina, ya ce ba wari. Ƙarar da muka ji har yau tana kunnena. Ya rayu, amma bai ƙara riƙe sanda ba. Idan tankin 504 ya huje, ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko nan Fanteka ka nemo wani. Haka duro da aka taɓa zuba mai ko sinadari, kada ka yanka shi da wuta. Kuma kada ka taɓa yi wa wili walda da taya a jikinsa, ko an sace iskar. Zafin yana dafa robar daga ciki, ta tara iska, ta fashe bayan ka ɗauka an gama.

Akwai hayaƙi kuma, wanda mu a zamaninmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Farin bututun ruwa da kwanon rufi, da jikin motocin zamani da yawa, an shafe su da tutiya don hana tsatsa. Ƙarfe sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 yake narkewa, tutiya kuwa tun a digiri 907 take tafasa, ta tashi farin hayaƙi. Ka shaƙe shi da rana, da dare zazzaɓi da rawar ɗari su rufe ka, ka ɗauka cizon sauro ne. Mu madara aka ce mu sha, muka yi ta sha, alhali madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. A 2017 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, ka kau da kanka daga saman hayaƙin, ka gurje tutiyar kafin ka fara. Kada kuma ka wanke ƙarfe da ruwan fesa na wanke birki sannan ka sa masa wuta. Wasu daga cikinsu idan suka haɗu da wutar walda guba suke fitarwa mai kisa.

To, duk wannan kare kanka ne. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda za su shiga motar. Walda tana da fuska biyu. Akwai layin da ka gani a sama, sumul kamar an jera kwabbai, wanda samari ke ɗauka hoto su tura wa abokai. Akwai kuma abin da ya faru a ciki, ko ƙarfen biyu sun narke sun zama ɗaya, ko kuwa narkin sandar ne kawai ya kwanta a kansu kamar ƙullu a kan tanda mai sanyi. Ido ba ya bambance su. Ramin hanyar Zariya ne yake bambance su, a guje, da mutum biyar a ciki.

Saboda haka akwai wuraren da ba na mai koyo ba ne, wasu ma ba na kowa ba ne. Sandar sitiyari da duk abin da ke juya ƙafar mota, in ya karye, canza shi ake yi. Sifirin ƙarfe ne da aka yi wa horo na musamman da wuta. Walda tana kashe horon, ya karye a gefen ɗinkin. Wurin da bel ɗin kujera ya kama, da mazaunin shokozoba, da ƙashin shasi, ka kai wa wanda ya shekara ashirin yana yi. Motocin yanzu ma an gina ginshiƙansu da ƙarfe mai ƙarfi ƙwarai wanda zafi ke raunana shi, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an yanke rabin mota an haɗa da rabin wata, an shafe da fenti an kai kasuwa. Wanda ya saya bai san abin da ya saya ba. Idan wata rana ka sayar da motar da ka yi wa aiki, ka nuna wa mai saye duk inda wutarka ta taɓa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɓoye aibin kaya, kuma aibin da ke ƙarƙashin fenti ya fi kowanne ɓoyuwa.

Ban faɗi haka don in sanyaya maka gwiwa ba. Abin da za ka yi da hannunka yana da yawa: teburin aiki, maratayin salansa, kariyar gaba, facin ƙasan mota, ƙafafun ƙarfe na tokare ta. Ka fara da teburin, zai koya maka auna kusurwa da yadda ƙarfe ke ja. Ƙafafun tokarewa kuwa ka bari sai hannunka ya nuna, kafin nan ka sayi na kanti, kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko kan bulo.

Ga abin da nake so ka yi mini kafin ka taɓa motar mahaifinka. Ka sayi guntayen ƙarfe na bola, kilo goma ma ya isa. Ka haɗa su biyu-biyu, wasu baki da baki, wasu a kusurwa. Kowanne ka ɗaure shi a matsi, ka sa guduma ka yi ta lanƙwasa shi har ya karye. Idan ɗinkin ya ɓalle ka ga gefen ƙarfen fes bai narke ba, wutarka ta yi kaɗan ko hannunka ya yi sauri. Idan ka ga ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, akwai datti ko sandarka ta sha danshi. Ranar da ƙarfen ya lanƙwashe ya yage a gefe, ɗinkin yana nan daram, ranar ka fara walda. Sannan ka samu Asabar biyu ko uku ka je Fanteka, ka gaida wani dattijo, ka ce ka zo kallo. Ka bar takardar digirinka a gida, ka riƙe masa ƙarfe, ka sayo masa goro. Za ka ji yana gane wuta ta yi daidai daga ƙararta kawai, tun bai ɗaga garkuwa ba.

Idan ka tara guntayen, ka zuba su a buhu ka kawo mini, waɗanda suka karye da waɗanda suka ƙi. Idona ya yi rauni amma yatsuna suna gani. Garkuwata ta fata da safar hannu suna nan cikin akwati, na ajiye maka. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata na yi maka magana, ta kwantar da hankalinta.

Kawunka.