Ɗan Jaridar Rediyon Gwamnati da Nauyin Zaɓen Kalma: Nazari Daga Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta dubi aikin ɗan jaridar rediyon gwamnati ta fuskar sunayen da yake kiran masu kai hare-hare a ƙananan hukumomin Batsari da Safana na Jihar Katsina. Ta nuna cewa ko inda ba shi da ikon zaɓen labari, zaɓen kalmar Hausa na hannunsa.

1.0 Gabatarwa

Tun da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyonta a Kaduna a 1962, zamanin Firimiya Ahmadu Bello, ɗan jaridar rediyo ya kasance mai iyayen gida biyu: hukumar da ke biyan sa albashi, da mai sauraron da ke yawo da akwatin rediyo a kafaɗa. A 1978 gidan ya shiga ƙarƙashin hukumar rediyon tarayya, FRCN. A nan Halilu Ahmed Getso ya yi suna da shirin Dandalin Siyasa, inda ya nuna ana iya cin albashin gwamnati kuma a tsare ɗan siyasa da tambaya cikin Hausa mai kaifi. Sai dai galibin aikin ma'aikacin sashen Hausa ba hira ba ce, fassara ce. Sanarwa ta zo da Ingilishi, shi zai sa mata rigar Hausa kafin lokacin labarai ya yi.

2.0 Sunaye Huɗu, Abu Ɗaya

Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, maɓoyar maharan da suka addabi yammacin Katsina. A Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Da wane suna za a kira waɗanda suka aikata haka?

Ɓarayin shanu, sunan da aka fara sabawa da shi, ya tsaya ga dukiya, ya bar jini a baya. 'Yan fashin daji ya ƙara wuri da ƙarfin tuwo, amma har yanzu yana cikin da'irar sata. 'Yan bindiga kuwa makami kawai ya ambata, bai yanke hukunci kan aiki ba (ai soja ma bindiga yake riƙe da ita), kuma wataƙila wannan rashin hukuncin ne ya sa ya fi yaɗuwa. 'Yan ta'adda shi ne mai nauyi. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin a matsayin na ta'addanci, kuma da sunayen Hausa, 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda, aka ambace su a takardar da aka rubuta da Ingilishi. Ba kullum Hausa ke aro daga harshen hukuma ba. A nan hukuma ce ta ara.

Kalmar da ta fi cancantar nazari ita ce tubabbu. Bayan sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya ƙulla da maharan a 2019, kafafen Hausa sun riƙa cewa tubabbun 'yan bindiga. Tuba kalmar addini ce mai sharuɗɗa: nadama, barin laifi, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Mai karanta labarai da ya furta ta, ya ba da shaidar da ba ta cikin hurumin sanarwar hukuma. Manomin Safana da ba a mayar masa da shanunsa ba ya san sharaɗin ƙarshe bai cika ba. Cikin 2020 gwamnan da kansa ya bayyana cewa maharan sun saɓa alkawari.

3.0 Lokacin da Waya Ta Yi Shiru

A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana. Wakilin rediyo ya rasa wayar da yake jin ganau da ita, ya dogara ga sanarwar hukuma da bakin matafiya. Shi kuma mutumin ƙauye, da Facebook da kiran dangi suka yanke masa, ya koma ga akwatinsa mai batir, yana jiran ya ji da wane suna za a kira waɗanda suka kwana a bayan garinsu.