Gansakukar Kududdufi: Wace Iri Ce?

Idan damina ta ɗauke, ruwan kududdufan Tudun Jukun da na cikin birnin Zariya yakan kwanta, ba shiga ba fita sai abin da lambatu ya kawo. Kafin bazara ta kankama sai ka ga fuskar ruwan ta yi kore shar. Jama'a kan ce gansakuka ce, shi ke nan. Amma a wurin masanin ilmin halittu wannan suna ɗaya ya ƙunshi abubuwa masu rai da dama waɗanda ko dangantaka ba su da ita. Wasunsu ba su da illa, wasu kuwa suna iya kashe akuya.

Abin da ke ciyar da su dai ɗaya ne, wato sinadaran naitirojin da fosfaras da ke zuwa daga ruwan wanki, da kashin dabbobi, da takin zamani. To, yaya ɗalibi zai bambance su?

Ka fara da sanda. Ka tsoma ta cikin koren, ka ɗago a hankali. In ta fito da zare-zare dogaye kamar gashi, tsiron ruwa ne na ainihi. Mai yauƙi kamar miyar kuɓewa galibi Spirogyra ce, mai kaushi da rassa kuwa Cladophora. In ka ga 'yan ganyayyaki ƙanana da saiwa a ƙarƙashinsu, wannan Lemna ce, tsiro mai fure kamar kainuwa, ba gansakuka ba ce sam. Amma in sandar ta fito kamar an tsoma ta a koren fenti, babu zare babu ganye, to a nan ne ya kamata hankalinka ya tashi.

Sai ka sa safar hannu ta roba, ka ɗebi ruwan a kwalba, kada ka cika ta. Ka ajiye ta wuri mai sanyi da duhu har ta kwana. Da safe, in koren ya kwanta a ƙasa, galibi tsiron ruwa ne. In kuwa ya taru a sama kamar zobe, da alama ka yi karo da sayanobakteriya, musamman Microcystis. Wannan ba tsiro ba ce, bakteriya ce mai haɗa abincinta da hasken rana, kuma tana da 'yan jakunkunan iska a cikinta da ke ɗaga ta sama.

Madubin ƙara girma shi zai raba gardama, kuma mai ninka girman abu sau 100 ya wadatar. Spirogyra ba ta ɓoyuwa: a cikin kowace ƙwayar halittarta akwai koren zare a murɗe kamar igiya. Tun 1674 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya bayyana irin wannan siffa da madubin da ya haɗa da hannunsa, don haka makarantar sakandare ba ta da uzuri. Microcystis kuwa 'yan ɗige-ɗige ne cunkushe cikin yauƙi, kowane bai kai kashi 1 cikin 100 na milimita ba, kuma babu cibiya a cikinsa. In ka ga koren abu yana iyo, da jan ɗigo a gabansa, Euglena ce. Ita ma takan taso sama, shi ya sa gwajin kwalba kaɗai bai isa ba. Malami na iya ɗiga aidin: sitacin tsiron ruwa zai koma shuɗi mai duhu, na sayanobakteriya kuwa ba ya yin haka.

Me ya sa duk wannan wahala? Microcystis takan fitar da dafi mai suna maikirosistin, wanda ke lalata hanta. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Barazil, majinyata fiye da 50 sun mutu bayan an wanke musu ƙoda da ruwa mai wannan dafi. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce maikirogiram 1 a kowace lita ta ruwan sha. Kada a ce abin na nesa ne: binciken da masana na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga a 2009 ya gano dafin a wasu ruwaye na Zariya. Tafasa ruwa ba ya kashe shi.

Ga kuma inda rashin sani ke jawo ɓarna. Mai kiwon tarwaɗa da ya ga kore a tafkinsa yakan yi gaggawar zuba magani. In Spirogyra ce, kwashewa da manjagara ta isa. In kuwa Microcystis ce, maganin zai fasa ƙwayoyin, dafin da ke cikinsu ya watsu a ruwan gaba ɗaya. A ganina abin da ya fi shi ne a toshe hanyar da ruwan lambatu ke shiga, a rage abincin da ake watsa wa kifi, a kuma sauya ruwan.

Madubi yana nuna irin halittar ne kawai, ba ya nuna ko tana fitar da dafi a wannan lokaci. Wannan sai ɗakin gwaje-gwaje. Kafin a kai can, ruwan da ya yi zobe a kwalba kada a shayar da dabba da shi, kada a yi alwala ko wanke ganyen miya da shi, kuma a hana yara wanka a ciki.