Dabba Mai Fiƙoƙi Kamar Takobi

Kowa ya san damisa, ko da a tatsuniya ce. To, ni yau ina so in ba ku labarin wata dabba mai kama da ita, wadda masana ke kira Thylacosmilus. Ta ƙare a duniya tun wajen shekara miliyan 3 da suka wuce, ba abin da ya rage sai ƙasusuwanta da suka zama dutse.

A 1926 ne masu bincike daga Amurka suka tono ƙasusuwan nan a lardin Catamarca na ƙasar Ajantina, a 1933 kuma wani masani, Elmer Riggs, ya raɗa mata suna. Tana da fiƙoƙi biyu dogaye kamar takobi, waɗanda ba sa daina girma muddin tana da rai. Tushensu ya bi ta saman kai har ya wuce idanu. A muƙamuƙin ƙasa kuwa akwai ƙashi biyu da suka sauko kamar kube, suna kare fiƙoƙin in ta rufe baki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne danginta. Duk wanda ya ga kanta zai rantse 'yar'uwar zaki ce. Ashe ta fi kusa da kangaru na Ostareliya da ire-irensa masu goyon ɗa cikin jaka a ciki. A 2020 ma wasu masana suka sake duba haƙoranta, suka ce mai yiwuwa ba farauta irin ta zaki take yi ba, sai dai ta farke cikin mushe ta ci kayan ciki.

Wani zai tambaya, me ya hana a samu irin waɗannan ƙasusuwa a Karaye ko Rogo? Duwatsunmu, kamar na wajen madatsar ruwan Challawa, tsofaffi ne ƙwarai, kuma zafin cikin ƙasa ne ya ƙera su, ƙashi ba ya zama a cikinsu. Sai dutsen da laka da yashi suka taru suka daskare ke adana shi. Irinsa ne a ƙasar Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya. Can aka tono wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da kada, har aka sa mata sunan garin Goronyo, wato Goronyosaurus.