Darasi: Yadda ake kallon sabon wasan kwaikwayo

Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kowa ya san ta. Tun kaka ba ta kai ƙarshe ba, yara sun san wanda zai sha kunya. Sabon wasan kwaikwayo ba haka yake ba. Ba wanda ya taɓa ganinsa, balle ya ce mai kyau ne ko marar kyau. Ƴan kallo na farko su ne alƙalansa, kuma ɗan makaranta yana cikinsu. Saboda haka ya kamata ya koyi kallo, kamar yadda ya koyi karatu.

1. Masu tsara wasa a Nijar

Wasan kwaikwayo, wanda ake ce ma teyatur, ya bunƙasa ƙwarai a zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987. A lokacin, ƙungiyoyin samariya na jihohi suna haɗuwa a bikin matasa na ƙasa. Kowace jiha tana kawo sabon wasanta, a yi gasa.

Masu tsara wasa iri biyu ne. Wasu suna shirya labarin, su raba shi kashi-kashi, sa'an nan kowane ɗan wasa ya nemo kalmominsa wajen gwaji. Haka aka yi wasanni masu yawa na Hausa. Yazi Dogo, wani malamin makaranta, ya yi suna a wannan fage, a dandali da kuma talabijin.

Wasu kuwa suna rubuta kowace magana a takarda. Andre Salifu, masanin tarihi, an haife shi a Damagaram a 1942. Ya rubuta wasa da Faransanci a kan Tanimun, sarkin Damagaram wanda ya rasu a 1884. An buga littafin a 1973. Alfred Dogbe, wanda ya rayu daga 1962 zuwa 2012, shi ma da Faransanci ya yi rubutu. A 2007 ya kafa wani bikin wasan kwaikwayo a Yamai, mai suna Émergences.

Kowane ɗaya daga cikin wasannin mutanen nan, akwai ranar da yake sabo. Da ƴan kallon ranar ba su saurara ba, da an manta da shi.

2. Tambayoyi huɗu na ɗan kallo

Ga misali. A ce an kawo sabon wasa a gidan matasa. A cikinsa wani manomi yana so ya sayar da hatsinsa da kaka don ya ƙara aure. Matarsa ta hana, ya ƙi ji. Da damana ta faɗi, rumbu ya zama wayam. Sai ya koma wurin ɗan kasuwar da ya saye hatsin, ya tarar kuɗin tiya ya ninka.

Tambaya ta farko: mi mutumin yake so, kuma mi ya tare masa hanya? Manomi yana son aure, amma rumbu ɗaya gare shi. Wannan shi ne rikicin wasa. Wasan da ba rikici, kamar miya ce ba gishiri.

Tambaya ta biyu: maganar kowa ta dace da shi? Matar ta ce: «Maigida, damana tana da nisa, yara kuwa ba su san haƙuri ba.» Wannan maganar uwa ce. In ta tashi tana jawabi kamar ma'aikacin gidan gona, mai tsara wasan ya yi kuskure.

Tambaya ta uku: mi ya ba da dariya? Ɗan wasa yana iya faɗuwa ƙasa, yara su ƙyalƙyale. Wannan dariya ba ta kai ƙofa. Amma in manomi ya durƙusa yana cewa: «Alhaji, ai hatsina ne, na gane shi!» mutane za su yi dariya, wasu kuma su sunkuyar da kai, don abin ya taɓa faruwa a gidansu. Irin wannan dariya tana bin mutum har gida.

Tambaya ta huɗu: ƙarshen ya fito daga cikin labarin? In wani baƙo ya ɓullo haka kawai da raƙumi ɗauke da hatsi, ya cika rumbu, an ruɗi ƴan kallo. Ƙarshe mai kyau yana tsirowa daga abin da mutanen wasa suka shuka.

3. Aikin ɗan kallo

Littafi yana jiran mai karatu shekara da shekaru. Wasa ba ya jira. Maganar da hayaniya ta rufe ta wuce ke nan. Ƴan wasa sun yi makonni suna gwaji, galibi da dare bayan sun taso daga aiki. Don haka ɗan kallo na kirki yana zuwa da wuri, ya zauna, ya yi shiru. Ba ya jifar wanda ya fito a mugu, don ya san kwaikwayo ne.

Bayan an tashi, sai ya faɗi ra'ayinsa tare da dalili. «Ya yi kyau» kaɗai ba ta isa ba. «Bai yi kyau ba» ma ba ta isa ba. Mai tsara sabon wasa yana iya jin abin da aka faɗa, ya gyara. Amma in aka yi masa ihu ba dalili, ko aka bar masa kujeru wayam, sai ya aje aikin. Garin da ya rasa masu tsara wasa ya rasa madubin da yake ganin fuskarsa.

Ma'anar kalmomi

Dandali: wurin da ƴan wasa suke tsayawa gaban jama'a.
Gwaji: maimaita wasa kafin ranar nuna shi.
Rikicin wasa: karo tsakanin abin da mutum yake so da abin da ya hana shi.

Tambayoyi

1. Mi ya bambanta sabon wasa da tatsuniya?
2. Wane sarki Andre Salifu ya rubuta wasa a kansa?
3. Don mi zuwan baƙo mai raƙumi ya ɓata ƙarshen wasan?
4. Wace dariya ce take bin mutum har gida?

Aiki

Kowane ɗalibi ya kalli wasa ɗaya, ko ya saurare shi a rediyo. Ya amsa tambayoyin nan huɗu a layi biyar da Hausa, sa'an nan ya rubuta sunayen mutanen wasan da sana'arsu da Faransanci.